Kitson Yaya Kulu

Da sunan Allah nake buɗe wannan babi, shi ne ya san inda na ƙara da inda na rage. Saratu da Luba, ku nake rubuta wa. Na san karatunku bai kai nan ba tukuna, to ku adana, takarda ba ta ruɓewa kamar tumatir. Da Inna ta ga ina ta cika littafi a wannan hutu, ta tambaye ni ko aikin makaranta ne, na ce tarihin rayuwata ne. Ta yi dariya har ta ɓarar da rabin garin da take tankaɗe, ta ce yarinyar da ba ta cika sha takwas ba wace rayuwa ta yi, in ban da satar ƙuli da tsokanar awakin mutane. Gaskiyarta, babi biyun farko kusan duk ƙuli ne da awaki. Wannan na uku daban yake. Na ji abin da ake gaya muku a layi game da yayarmu Kulu: wai aljanun ruwa ne suka taɓa ta, wai Baba ya kai ta Dakko ya ɓoye don kunya, wai damben da na yi ne ya jawo. Ke Luba kina goye aka yi abin, ke Saratu kina tatata. Ni ina wurin, kuma da hannuna dumu-dumu a ciki.

Ba a wannan gari mai layi-layi aka haife mu ba. Garinmu Tungar Kanya ne, can gefen Maradun, kuma yanzu in kuna son ganinsa sai ku nemi kwale-kwale ku leƙa ƙasa. Gari ne ƙarami, in ka yi atishawa a gabas ana yi maka addu'a a yamma. Hanyoyinsa duk a karkace suke kamar tafiyar maciji, babu katanga biyu masu kama da juna. Katangar gidanmu tana da ƙusumbi, ta gidan liman tana da rami inda zakara ke kwana, ta gidan mai ƙira kullum da ɗumi. Ni ban taɓa kula da wannan ba. Yaya Kulu ce ta koya mini, don ita da tafin hannu take karanta garin. Takan fita daga zaurenmu ta ɗora hannu a bango, ta bi ƙusumbi, ta bi rami, ta bi ɗumi, ta ji ƙanshin kanyar bakin rijiya, shi ke nan ta iso. Ba ta taɓa ɓata ba a Tunga, ko sau ɗaya.

Ta girme ni da shekara biyu, amma tun ina 'yar shekara bakwai na wuce ta a wayo, ita kuma ta tsaya a nan tana jirana har yau. Ba ta iya lissafin da ya wuce yatsun hannu, in aka aike ta abu biyu sai ta dawo da ɗaya da murmushi. Idonta da dundumi ya fara, rana na faɗuwa sai ta zauna inda take. Daga baya ganin rana ma ya yi ta tsukewa, har ya zama kamar mai leƙe ta cikin kara. Sai gashi. Yaya Kulu ba ta da gashi, sai ɗan tsilli-tsilli mai laushi kamar na ɗan tsako, in ya ɗan taso sai ya kakkarye. Girarta ma kamar an zana da toka an goge. Ni kuwa Allah ya jibge mini nawa da nata. Matajin katako uku na karya kafin in shiga firamare, kuma na rantse akwai wani tsinken tsintsiya da ya shiga kaina tun ina aji biyu bai fito ba.

Babu abin da Inna ba ta gwada ba. Man shanu, man kaɗe, tokar wani ganye, rubutu a sha a shafa. Tsofaffi suka ce a yi ta aske kan, wai gashi in ya sha aska yakan yi fushi ya fito da ƙarfi. Sau bakwai wanzami yana zuwa gidanmu, yana wasa aska da ƙwazo kamar zai yanka sa, ya aske abin da babu, ya tafi. Gashin bai yi fushi ba. A ƙarshe Baba ya ɗauke mu zuwa asibiti a Sakkwato, ni aka tafi da ni don in riƙe mata hannu. Likitan ya haska idonta, ya shafa kanta, ya sa ta jera wasu 'yan katakai, ya kira wani likitan ya nuna masa, sa'an nan ya tambayi Baba ko shi da Inna dangi ne. Baba ya ce ɗan wa da ɗiyar ƙane. Ya tambaya ko an taɓa samun irinta a dangi. Baba ya ce akwai Mani, ɗan yayarsa Goggo Abu ta Dakko, wanda ya rasu yana saurayi.

"To a jini yake," in ji likitan. "Kai kana ɗauke da rabi, mai ɗakinka tana ɗauke da rabi, ba wanda ya ji komai a jikinsa. In rabin ya haɗu da rabi a jikin ɗa guda, sai ya taɓa ido da gashi da fahimta. Ba kowane ɗa yake samu ba. Ni kaina a littafi na fi saninsa."

"Laihin wa?" in ji Baba.

"Ba laifin kowa. Kuma ba a ɗauka, ko a ƙwarya ɗaya kuke sha."

Ya ba ta tabarau mai kauri kamar gindin kwalba, ya ce zai ɗan taimaka amma ba zai tsayar da abin ba. Ku riƙe wannan, don ranar da za a fara yi muku maganar aure da 'yan uwa kuna da ikon ku tambaya. Babu aljani a ciki, babu maye.

Yanzu ga maganar kitso. Wata jajibirin sallah, ina da shekara takwas, 'yan matan unguwa sun cika tsakar gidanmu ana ta kitso, ana kuka, ana ranƙwashi. Yaya Kulu ta zauna a layi kamar kowa. Da layi ya zo kanta, mai kitso ta ce wa ta bayanta ta matso. Yaya ta koma bayan rumbu ta haɗa kai da gwiwa. Ni kuma dama hannuna ba ya zama lafiya. Na sace kibiyar kitson Inna, na lakato man shanu, na je na zauna a kan turmi na ce ta kawo kai. Na juya kibiyar ta wajen da ba tsini, na fara ja mata tsaga daga goshi zuwa ƙeya. Na riƙa tsunkular fatar kan da yatsu uku, ina bin layi, daidai yadda ake kama kitso. Da ta motsa na sakar mata ranƙwashi.

"Ke Yaya, zauna tsaye! Wanga gashi naki ya ishe ni, hannuna har ya gaji."

"Da yawa?"

"Da yawa mi? Yanzu na taka wani da ƙahwa. In munka bari akuya za ta ci shi."

Ta yi dariya har da shaƙuwa. Da na gama na ɗaura mata kallabi, na ce sabon kitso ba a taɓa shi da hannu, warwarewa yake. Ba ta tsaya ko'ina ba sai bakin rijiya. Ina biye da ita. Tana isa ta zame kallabin ta sunkuyar da kai gaban mata, kai tal yana ƙyallin mai. Sai wata tsohuwa da muke kira Iya Tumba, mai sayar da daddawa, wadda bakinta ko sarki ba ya ragawa, ta ajiye gugarta ta riƙe haɓa.

"La'ilaha! Kulu, wa yay yi miki wanga shuku? Ku taho ku gani, tsaga kamar an ja da zare!"

Daga ranar abin ya zama dokar gari, ba wanda ya yi shela. Duk Alhamis bayan la'asar ina yi mata kitso, ta tafi rijiya ta nuna, mata su yaba. Har gardama suke yi, wannan ta ce na makon jiya ya fi, waccan ta ce ina, wannan ya fi zama da fuskarta. Amaryar da aka kawo daga wani gari, kafin a nuna mata madafa an gaya mata zancen kitson Kulu. Yaron da ya yi dariya sau ɗaya, uwarsa ta bi shi da muciya har gona. Ni kuma na samu filin ƙarya. Yau in ce na yi mata mai hawa uku, gobe in ce na yi mata irin na matar gwamna, wanda sai an sunkuya ake shiga ɗaki da shi, sai ka ga Yaya ta sunkuya a ƙofa. Shekara shida muna haka. Kada ku tambaye ni ko ba ta da hannun da za ta shafa kanta in tana wanka. Na sha tambayar kaina. Abin da na sani, duk Alhamis ita take kawo mini kibiyar.

Sai shekarar ruwa ta zo. Mun daɗe muna jin rugugin motocin aikin dam na Bakolori, manya-manya, taya ɗaya ta fi ɗakin Inna, kuma an daɗe da zuwa da igiyar awo ana shafa jan fenti a katangu. Manya suna ta taro a ƙofar gidan mai gari, suna dawowa fuska a murtuke. Ni a lokacin murna nake yi, don an ce sabon gari da famfo. Ranar tashi aka loda mu a babbar mota da tukwane da kaji da ƙyauren ɗaki. Iya Tumba ta ƙi hawa sai da aka ɗauke ta cak, tana zagin direba da kakanninsa. Ita wajen ɗanta aka kai ta, can wani gari, ban sake ganinta ba. Haka aka watsa Tunga, wasu nan, wasu Talata Mafara, wasu inda ba mu sani ba. Yaya Kulu kafin ta hau mota sai da ta bi katangar gidanmu da hannu tun daga zaure har ƙusumbin, ta tsaya a nan. Baba ya ce ta taho. Ta ce, "Za mu dawo da marece?" Baba ya kama hannunta ya kai ta mota.

Kun san garin nan, ba sai na faɗa muku ba, amma ku rufe ido ku bi shi da hannu ku ji. Kowane bango sumul, kowane layi miƙe, kowace ƙofa ƙanwar ta kusa da ita. Ni mai ido biyu sau uku ina faɗawa gidan mutane, har na taɓa zama na ci tuwon wasu kafin in lura ba Inna ba ce. Babu itace ko ɗaya da za a ji ƙanshinsa. Yaya Kulu ta ɗora hannu a bango ranar farko, ta bi, ta bi, ta tsaya ta ce mini, "Balki, bangon bai cewa komi." Daga nan ta daina fita sai da ni. Kuma mutanen ƙauye biyar aka zuba wuri ɗaya, maƙwabcinka na dama bai san sunan kakanka ba.

Kuskuren da muka yi, mu duka, har Inna, shi ne ba wanda ya tuna cewa dokar kitso ba ta hau mota tare da mu ba. Mun saba har mun manta cewa abu ne da ake gaya wa mutum. Alhamis ta uku da zuwanmu, Yaya ta kawo mini kibiya. Na yi murna, don tun tashinmu ba ta nema ba. Na zauna na zuba mata ƙarya mai lasisi, na ce wannan sabon yayi ne, sunansa dam, ruwa ma in ya zo sai ya tsaya. Muka ɗauki bokiti muka tafi famfo. Layi ya kai na mata arba'in, fuskar da na sani ba ta fi uku ba, su ma suna can baya. Ina cikin faɗa da wata a kan wuri, ban ankara ba, Yaya ta je gaba ta zame kallabi ta sunkuyar da kai.

Har yanzu ina jin dariyar. Wata yarinya ce ta fara, sa'ata, mai wushirya.

"Wayyo cikina! Ku taho ku ga ƙwarya da tabarau!"

"Kitso na," in ji Yaya. "Balki ta yi min. Sunanshi dam."

"Wane kitso? Ke, ko silin gashi babu a kanki. Wa yac cuce ki?"

Wata babbar mace ta janye ɗanta ta ce a rufe kan nan kada yara su ɗauka. Ba mugunta ce ta sa su ba, yanzu na gane, ba su sani ba ne kawai. Amma a ranar ban tsaya ganewa ba. Na kifa wa mai wushiryar bokiti a ka na hau ruwan cikinta. A layi ana cewa wai mata goma suka ɓamɓare ni, ni na ce sha biyu ne, har da wata mai ciki. Da aka raba mu na waiga, ga kallabi a ƙasa cikin caɓi, babu Yaya Kulu.

Daga nan ba zan ƙara gishiri ba. Mun bi layi-layi muna kira, ni da Inna da ke Luba a bayanta. Kowane layi irin na baya. Baba ne ya yi tunanin ya bar gari ya bi hanyar da motar ta kawo mu. Ya same ta rana ta yi ja, tafiyar da ta fi mil biyu, a inda hanyar ta nutse cikin sabon ruwa. Tana tsaye ruwa ya kai mata cinya, hannunta ɗaya a miƙe tana laluben bango. Ta ce masa gida za ta, wurin Iya Tumba, ta tambaye ta. Taku kaɗan ya rage ƙasa ta ƙare a ƙarƙashinta. Baba ya goyo ta, budurwa 'yar sha shida, har gida. Da ya sauke ta na matso zan riƙe hannunta. Ta janye. Ta ɗora tafinta biyu a kanta ta shafa tun daga goshi har ƙeya, a hankali, a gabana. Ba ta yi kuka ba, ba ta ce na yi mata ƙarya ba. Da ta zage ni da na fi so.

Bayan kwana kaɗan Goggo Abu ta zo daga Dakko. Ba ku san ta sosai ba: gajeriya ce, ba ta da miji yanzu, ba ta da ɗa tun rasuwar Mani, kuma in tana magana ko kaza ba ta ƙyarƙyara. Ta zagaya layinmu sau ɗaya, ta leƙa ramin da ake haƙa na hanyar ruwa a bayan gari, ta dawo ta zauna.

"Wanga wuri zai kashe ta," ta ce wa Baba. "Ku ba ni ita. Gidana tsoho ne, bangona duk Mani ya lashe shi da hannu, mutanen Dakko sun san irin wagga lalura. Amma ni gwiwata ta mutu, ban iya bin ta. Ku haɗa min da Balki. Su biyu nika so."

Inna ta ce to, tana share ido. Ni ma da a ranar aka tambaye ni da na ce to. Amma a cikin makon nan takarda ta zo cewa na ci jarrabawa, an ba ni makarantar kwana ta 'yan mata a Talata Mafara. Ni kaɗai a 'yan matan Tunga. Na ɗauki takardar na zagaya da ita layi bakwai, har gidan mai wushirya na je na karanta mata da ƙarfi ta kan katanga.

Washegari da hantsi Baba ya kira ni zaure. Yana gyaran ƙotar fartanya, ko da yake a lokacin ba shi da gonar da zai kai ta. Bai dube ni ba.

"Balki, ga Dakko, ga makaranta. Ban tilasta miki. In kin bi 'yar uwarki, Allah ya yi miki albarka. In kin bi takarda, Allah ya yi miki albarka. Wanne?"

Ga abin da nake so ku sani, don shi ya sa na ɗauki biro. Baba bai ɓoye Yaya Kulu ba, kuma ba shi ya raba mu ba. An tambaye ni. Ina iya ce muku na kwana bakwai ina kuka kafin in amsa, kun san bakina, kuma da kun yarda. Ban kai ƙiftawar ido uku ba. Na ce makaranta. Ina son farin takalmi da akwatin ƙarfe, ina son in ga wutar lantarki, kuma, Allah ya yafe mini, na gaji da riƙe hannu. Baba ya ce to, ya ci gaba da buga ƙotarsa. Da na fito na ga Yaya zaune a bayan ƙyauren zaure tana ɓare gyaɗa. Kunnenta kuwa ya fi na kowa a gidan.

Ranar Talata muka raka ta, don ranar ake samun mota. Muka ratsa kasuwar Mafara, ina ta ba ta labari: ga wani raƙumi ya fi masallaci tsawo, ga albasa kowace ɗaya sai mutum biyu sun ɗauka. Da can irin wannan yakan sa ta dariya har ta riƙe ciki. Ranar ko murmushi ba ta yi ba. Daga Bakura muka ƙarasa Dakko a ƙasa. Muna shiga gidan Goggo ta ɗora hannu a bango, bango mai ƙuraje da lanƙwasa, sai na ga kafaɗunta sun sauka. Akwai wani santsi a jikinsa daidai tsayin ƙugu, inda hannun Mani ya bi shekara da shekaru. Hannunta ya faɗa ciki kamar an auna.

Da la'asar Baba ya ce mu tashi. Sai Yaya ta kwance bakin zanenta ta fito da kibiyar Inna. Na ɗauka so take in yi mata, kuma ban san da wane baki zan fara ba. Ta lalubi turmi ta zauna a kai.

"Kawo kai," ta ce.

Na zauna a ƙasa tsakanin gwiwoyinta. Ta tsefe mini kai, ta ja tsaga daga goshi zuwa ƙeya, ta kama gashi da yatsu uku. Jama'a, kitso take yi. Na gaske. Ba wanda ya taɓa koya mata, ba ta taɓa ganin yadda ake yi da kyau ba. Shekara shida yatsuna suna tafiya a fatar kanta, ashe tana haddacewa. Goggo ta saki baki, Baba ya juya ya fuskanci bango. Na ɗan motsa don in share hanci, sai ji na yi ƙwas a tsakar ka.

"Zauna tsaye. Wanga gashi naki ya ishe ni."

Guda shida ta yi mini, manya, a karkace kamar hanyoyin Tunga, ɗaya ma ya taso daga bayan kunne ya ɓace a hanya. Ta ja su da ƙarfi har girata ta koma tsakar ka, kwana uku ina barci ido buɗe. Da ta gama ta ɗaura mini kallabi ta ce ba a taɓawa. Ta mayar da kibiyar bakin zanenta ta ƙulle.

Da wannan kitso na shiga makaranta. 'Yan ɗakinmu suka sa mini suna Taswira. Mai kula da ɗakin kwana ta ce in tsefe, na ce ciwon kai gare ni, mako na gaba na ce al'adar garinmu ce, na gaba na ce wanda ya tsefe zai haukace. Sai da ya yi wata biyu ya dunƙule, aka zaunar da ni aka yanke da almakashi. Na samu farin takalmin, na ga lantarkin. Duk Alhamis bayan la'asar kuwa, muna cikin aji ana karatun yamma, sai in ga yatsuna uku suna tafiya a kan tebur su kaɗai.

Shekara uku ke nan. Yaya Kulu tana lafiya. Ganin ya ƙara raguwa, yanzu haske da duhu kawai take rabewa, ta ma ajiye tabarau. Amma tana zuwa rijiya ita kaɗai, kuma 'yan yaran Dakko layi suke yi a gaban turminta. Salo ɗaya ta iya, shi ne mai karkata, duk yarinyar da kuka gani a Bakura da kitso kamar an bi ta da gudu, aikin yayarku ne. Uwayen sukan kawo mata ƙwai ko ɗan gero. In Baba ya kai ku, ku zauna ku ba ta kanku, kuma kada wadda ta ce wash. Kallabinta kuwa ba ta cire shi gaban kowa. Ni ma ba ta sake bari na taɓa kanta ba. Na roƙa sau biyu, ta yi kamar ba ta ji ba.

Duk hutu ina zuwa, kwana biyu ko uku. Tun ina zaure take gane takuna. Wancan zuwan, na shiga da sallama da tsarabar alewa, na fara zuba mata labarin wani malaminmu mai hanci kamar tulu. Ta bari na gama. Ta miƙo hannu ta shafa fuskata, ta shafa jakar da ke kafaɗata, ta ɗaga ta ta ji nauyinta. 'Yar ƙaramar jaka ce, kaya kala biyu.

"Balki," ta ce, "kin taho zama, ko kin zaka ganina kawai?"

Ni da ban taɓa rasa abin faɗa ba tun da aka haife ni, na tsaya da alewa a hannu. Saura mini shekara biyu in gama, kuma ana cewa masu ƙoƙari za a tura su gaba, Sakkwato ko Zariya, kuma ina cikin masu ƙoƙarin. Ƙarya tana bakina a shirye, mai kyau, mai hawa uku. Na haɗiye ta.

"Ganinki na zaka, Yaya."

Ta gyaɗa kai. Ta lalubi turmi ta zauna, ta kwance bakin zane.

"To kawo kai," ta ce. "In yi mai ƙarhi, ya kai ki har wani zuwan."